Ƙwayoyin sun cika, amma an ce jininta ya yi ƙasa

Baban Amira, Tudun Jukun:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda Allah ya ba ilimin lafiya a cikinmu. Jiya na raka maiɗakina awo, cikinta ya shiga wata na bakwai, aka rubuta mata gwajin jini na gaba ɗaya, yau da safe na karɓo takardar. Abin da ke ciki shi ne RBC 4.1, Hb 9.6, PCV 29, MCV 71. A gefen kowace lamba an buga iyakar da ta kamata, kuma na ga ta RBC daga 4.0 zuwa 5.2 ce, wato tata tana ciki. Amma da na nuna wa nas, kallo ɗaya ta yi wa takardar ta ce jinin Maman Amira ya yi ƙasa, mu dawo ranar Litinin mu ga likita. To, idan adadin jajayen ƙwayoyin jinin ya cika, ta ina jinin ya yi ƙasa? Mahaifiyata kuwa tun da ta ji labari ta ce in sayo katan ɗin malt da madarar gwangwani a riƙa haɗa mata safe da yamma, a kuma dafa mata zoɓo mai kauri.

Mai kula da zaure:
Wa alaikumus salam. Ka kyauta da ka rubuto lambobin kaɗai, ba ka ɗoro hoton takardar da sunan iyalinka a kai ba. Duk mai irin wannan tambaya ya yi haka.

Malamin Lab, Samaru:
Baban Amira, nas ɗin ba ta yi kuskure ba, kai ma karatunka daidai ne. Abin da ya raba ku shi ne kai layi ɗaya ka duba, ita kuwa ta haɗa huɗun. Aikin jajayen ƙwayoyin jini shi ne dakon iskar oksijin daga huhu zuwa kowane lungu na jiki, kuma abin da ke riƙe iskar a cikinsu wani sinadari ne mai ɗauke da ƙarfe, ana ce masa himogulobin, shi ne Hb ɗin da ka gani, shi ne kuma ya ba jini jan launinsa.

Ka ɗauka mai ruwa ya turo maka kura da jarka goma sha biyu. Ko ka ƙirga ka ga sun cika goma sha biyu, ba za ka biya shi ba sai ka dubi girman jarkokin, ka kuma leƙa ka ga ko an cika su. RBC ƙirgen jarkoki ne, MCV girman kowace jarka, Hb kuwa ruwan da ya iso gidan gaba ɗaya. Wannan 4.1 ɗin ma'anarsa ƙwaya miliyan 4.1 a cikin maikurolita ɗaya na jini, kuma ɗigon jini guda yana ɗauke da maikurolita kusan 50. Ƙirgen Maman Amira ya cika, amma MCV na babba mai lafiya daga 80 zuwa 100 yake, nata 71, wato jarkokinta ƙanana ne, don haka abin da suka ɗauko bai kai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da Hb take yanke hukunci: namiji ƙasa da 13, mace ƙasa da 12, mai ciki a waɗannan watanni na ƙarshe ƙasa da 11, duk ƙarancin jini ne. Idan na mai ciki ya gaza 7, shi ne mai tsanani. Nata 9.6 bai kai nan ba, amma ba abin a bari ba ne.

PCV kuma, wanda asibitocinmu suka fi ambata, kamar ƙullun koko ne idan aka bar shi ya kwanta: gasara a ƙasa, ruwa a sama. Muna zuba jini a siririn bututu, na'ura ta juya shi da ƙarfi, ƙwayoyin su kwanta a ƙasa, mu auna kashi nawa cikin ɗari suka cinye. Yawanci PCV yana yin ninki uku na Hb, kuma ka lissafa 9.6 sau uku ka gani, kusan 29 ɗin ke nan.

Hajiya Babba, Ƙofar Doka:
Jikata ce take rubuta mini wannan. Ni dai haihuwa tara na yi, bakwai a ɗakina, ban taɓa jin wani abu wai shi PCV ba. Rama muke ci da zogale da miyar kuka, idan aka yi yanka a ba mai ciki hanta. Yanzu kuwa kowace yarinya ta je awo sai ta dawo da labarin ba ta da jini. Shin jinin ne ya ƙare a duniya, ko kuwa na'urorin ne suke neman abin faɗa?

Anti Ungozoma, Tudun Wada:
Hajiya, Allah ya ƙara girma da lafiya. Maganarku akwai gaskiya a cikinta ta fuska biyu. Ta farko, abincin da kuka lissafa shi ne har gobe muke roƙon masu ciki su ci. Ta biyu, kowace mai ciki lambarta takan ɗan sauka ko da lafiyarta ƙalau, domin ruwan jininta yana ƙaruwa da kusan rabi, su kuwa ƙwayoyin ba su ƙaruwa haka, kamar dai an ƙara wa ƙullu ruwa. Shi ya sa aka rage wa mai ciki iyaka daga 12 zuwa 11. Amma tsarma jini da ruwa ba ya ƙanƙanta ƙwayoyin, su kuwa na wannan yarinya sun ƙanƙance, kuma abin da ya fi kawo haka a wurinmu shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe, tunda ɗan da ke ciki daga ajiyar uwarsa yake ɗiba, bai kuma san ta ƙare ba.

Abin da ya sa muke matsawa shi ne ranar haihuwa. Mace takan zubar da jini har kusan rabin lita a haihuwa ta lafiya. Wadda ta shiga ɗakin da Hb 12 za ta zubar da wannan ta tashi ta yi wanka, wadda ta shiga da 7 kuwa wannan rabin litar tana iya kai ta ga halaka. Kuma Hajiya, ku da kanku kun san a zamaninku akwai matan da aka ce jini ya ɓalle musu suka tafi, da waɗanda suka kumbura suka ɗashe bayan haihuwa. Ciwon yana nan tun da can, aunawar ce sabuwa.

Baban Amira, ka tambaye ta da lalama ko tana shan jan maganin nan na ƙarfe da ƙaramin rawayan nan na folik asid da ake bayarwa a awo, domin da yawa suna karɓa su zuba a ƙarƙashin katifa saboda tashin zuciya. Ka kuma tambaya ko an ba ta ƙwayoyi ukun nan na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, waɗanda ake fara bayarwa bayan wata uku na farko, kuma ko tana kwana cikin gidan sauro.

Baban Amira:
Anti, kamar kina gidan. Yanzu na tambaye ta, ta yi shiru, daga baya ta ce tun wata na biyar ta daina shan jan, wai yana hana ta bayan gida kuma yana mayar da shi baƙi, ta ji tsoro. Ta kuma ce kwanan nan ba abin da take marmari kamar ƙanƙara da farar ƙasa.

Anti Ungozoma:
Baƙin bayan gida a wurin mai shan maganin ƙarfe ba ciwo ba ne, ragowar maganin ne yake fita. Marmarin ƙasa da ƙanƙara kuwa alama ce da muka saba gani ga wanda ƙarfensa ya yi ƙasa. Ta faɗa wa likita duk wannan ranar Litinin ba tare da kunya ba, akwai yadda ake sauya shan maganin ya zo da sauƙi.

Mai Kemis, Sabon Gari:
Ina girmama ma'aikatan asibiti, amma ku ma ku yarda cewa Inna ba ta yi laifi ba da ta ce a sayo malt da madara. Shekarata goma sha biyar a kanti, na ga mutane da yawa da suka zo a galabaice, suka sha malt da madara tare da kwalbar maganin ƙarin jini, bayan mako biyu suka dawo suna godiya. Ba kowa ne ke da kuɗin gwaji ba, kuma idan mutum ya ji sauƙi ai magani ya yi aiki.

Malamin Lab:
Alhaji, ba na musun cewa sun ji ƙarfi, domin malt sukari ne, kuma duk wanda ya galabaita ya sha sukari da madara zai ji daɗin jikinsa na ɗan lokaci. Amma madara ba ta da ƙarfen kirki, sinadarin kalsiyam da ke cikinta ma yana rage yadda hanji ke tsotsar ƙarfe idan aka sha su tare. Shayi ma haka yake yi, shi ya sa ake cewa a bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsa da maganin. Abin da ke taimakawa shi ne mai tsami irin lemo da gwaiba da tumatir. Zoɓo kuwa jansa launin fure ne, bai haɗa komai da jan jini ba. Kuɗin katan ɗin malt zai sayi hanta da wake da kifi na kwanaki, kuma ƙarfen da ke cikin nama da hanta ya fi na ganye saurin shiga jiki, duk da cewa mai ciki ba a so ta yawaita hanta sosai. Sannan ƙwayar nan ja mai arha ta miligiram 200 tana ɗauke da ƙarfe zalla kusan miligiram 65. Ka ɗauko kwalaben da ke kan kantarka ka karanta jikinsu, ka faɗa mana nawa ne a cikin cokali ɗaya.

Babbar damuwata ma ba wannan ba ce. Ƙarancin jini ba sunan ciwo ɗaya ba ne, alama ce, kuma hanyoyinsa uku ne: ko ɓargo bai ƙera ƙwayoyin yadda ya kamata ba, ko ana farfasa su kafin wa'adinsu, ko suna tsiyayewa ta wata kafa. Ɓargo yana fitar da ƙwaya sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, amma sai da kayan aiki, wato ƙarfe da folik asid da bitamin B12, sai kuma da umarnin da ƙoda ke aiko masa, shi ya sa masu ciwon ƙoda jininsu ke sauka. Zazzaɓin cizon sauro farfasa ƙwayoyin yake yi. Tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa da tsargiya, wadda ke kama yaran da ke wanka a rafi da kududdufai, su kuma tsiyayar da jini suke yi. Idan MCV ya haura 100, sai a fara tunanin folik asid ko B12, ba ƙarfe ba. Akwai ma waɗanda ƙwayoyinsu ƙanana ne ta hanyar gado, ƙarfensu kuwa bai ragu ba. Kwalba ɗaya ba za ta warkar da duk waɗannan ba.

Mai Kemis:
Na duba kwalabe uku, gaskiya babu wadda ta kai 65 a cokali. Wannan na karɓa. Amma ina nan kan bakana cewa talaka yana zuwa wurinmu ne saboda mu ne kusa da shi.

Maman Khalifa, Gyallesu:
Alhaji, saboda ku ne kusa da mu shi ya sa nake roƙonka ka riƙa tambaya kafin ka miƙa kwalbar. Ɗana mai sikila ne, shekararsa tara. PCV ɗinsa na yau da kullum tsakanin 22 da 24 yake, kuma da wannan yake zuwa makaranta da islamiyya, har ƙwallo yana bugawa idan na kau da ido. A asibiti aka koya mini cewa ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe, shi ya sa kullum lambarsa a ƙasa take, idonsa kuma yakan ɗan yi rawaya. Wata maƙwabciyata ta taɓa ganin takardarsa ta yi salati, washegari ta kawo mini maganin ƙarin jini mai ƙarfe da kuɗinta. Na gode mata, amma ban ba shi ba, domin ƙarfe ba shi ne matsalarsa ba, kuma yaron da ake yi wa ƙarin jini lokaci zuwa lokaci ƙarfen taruwa yake yi a jikinsa har ya cutar da hanta da zuciya. Folik asid ake ba shi, ba ƙarfe ba, sai idan gwaji ya nuna buƙata.

Ina da littafi da nake rubuta lambarsa duk zuwan da muka yi. Ranar da na ga ya ɗashe fiye da yadda na saba, yana haki, ko cikinsa ya taso ta ɓangaren hagu inda saifa take, ba na jiran gari ya waye. Lambar 23 da za ta kwantar da wani yaron a gado ita ce lafiyar nawa, amma 17 a wurinsa tashin hankali ne. Kuma don Allah masu shirin aure su sani cewa wannan gwajin ƙirgen ba ya nuna AA ko AS ko SS, wancan gwaji ne daban, sai an nema.

Direba, Kwangila:
Ni tawa matsalar kishiyar ta Baban Amira ce. A azumin da ya wuce, ana tsananin zafi, na yi gwaji da la'asar aka ce PCV ɗina 52 ne. Da ma ina da hawan jini, sai na ce ashe shi ya sa, jinin ne ya yi mini yawa. Wanzaminmu ya ce in zo ya yi mini ƙaho a rage. Shin idan na rage jinin, hawan jinin zai sauka?

Malamin Lab:
Malam Direba, sunan ne ya yaudare ka, kuma ba kai kaɗai ba. Hawan jini ƙarfin da jini ke danna bangon jijiyoyi ne, shi ake aunawa a dantse a ce 120 bisa 80. Bai shafi yawan ƙwayoyi ba. Akwai mai hawan jini da ke fama da ƙarancin jini a lokaci guda, musamman mai ciwon ƙoda. Kada ka bar maganinka. Game da 52 kuwa, ka koma kan misalin ƙullu: mutumin da ya yini a mota cikin rana bai sha ruwa ba, ruwan jininsa ya ragu, sai gasarar ta yi kamar ta ƙaru alhali tana nan yadda take. Masu zama a kan tudu irin Jos, da ta haura mita 1,200, lambarsu takan ɗan fi tamu saboda iska ta fi sirantaka a can. Shan taba ma yana ɗaga ta, haka ciwon huhu da minsharin da ke yanke numfashi cikin barci. Ka sake gwajin da safe bayan ka sha ruwa sosai. Idan ya ƙi sauka, ka nemi a tura ka sashen masu kula da cututtukan jini a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, domin akwai ciwon ɓargo mai sa jini ya yi kauri har ya toshe jijiya, kuma shi ba a gane shi da ido.

Malamin firamare, Wusasa:
Wannan bayanin na hanyoyi uku ya tayar mini da hankali. Mahaifina yana da shekara 64, wata shida da suka wuce aka ce Hb ɗinsa 9 ne, muka saya masa maganin ƙarin jini, yana sha har yau, amma kasalar ba ta tafi ba, ko masallacin unguwa ya je sai ya zauna ya huta a hanya. Kullum kuma yana shan maganin ciwon gwiwa da yake saye da kansa. Bayan gidansa baƙi ne, amma na ji Anti ta ce wannan ba komai.

Likita:
Na daɗe ina bibiyar tattaunawar ban sa baki ba, saboda an ba da amsoshi masu kyau, amma wannan ba zan yi shiru ba. Malam, maganar Anti ta shafi matashiya mai ciki wadda an san inda ƙarfenta yake tafiya. Dattijo ba ya haila, ba ya ɗauke da ciki, don haka idan ƙarfensa ya ƙare, tambayar farko ita ce ta ina jinin ke fita, kuma mafi yawanci ta hanji ne. Magungunan ciwon gaɓoɓi irin su diclofenac da ibuprofen suna iya cinye bangon tumbi su kawo gyambon ciki mai tsiyayar da jini a hankali, kuma jinin da ya bi ta hanji baƙi yake fitowa, mai danƙo da wari. Maganin ƙarfen da yake sha yana iya rufe wannan alamar, kowa ya ɗauka launin magani ne. A wannan shekaru kuma dole a tabbatar babu ƙari a hanji. Ku kai Baba asibiti cikin makon nan, ku tafi da duk kwalayen magungunan da yake sha, ya kuma dakata da na gwiwar har likita ya gan shi. Idan ya yi aman jini, ko jiri ya kayar da shi, ko numfashi ya gagare shi yana zaune, a wannan daren za ku tafi.

Malamin firamare:
Na gode, Likita. Gobe in sha Allahu zan nemi izini a makaranta in kai shi.

Baban Amira:
Assalamu alaikum. Na dawo da labari bayan mako biyar. Likita ya sa an duba zazzaɓin cizon sauro da bayan gida, ba a ga komai ba, ya mayar da ita kan maganin ƙarfe da folik asid, ya ce ko lamba ta daidaita ta ci gaba da sha har bayan haihuwa don ajiyar jikinta ta cika. Shayin safe an matsar da shi zuwa hantsi. Gwajin jiya ya nuna Hb 10.9, PCV 33, RBC 4.4, kuma ta daina neman farar ƙasa. Inna ta ce malt ɗinta ne ya yi aiki, domin sai da ta sayo kwalba shida da kuɗinta, ni kuma ban ja da ita ba. Saura abu ɗaya: an ce in tanadi wanda zai ba da jini leda ɗaya a ajiye kafin haihuwa, rukuninta O ne mai alamar tarawa, ni kuma nawa B ne.

Direba:
Baban Amira, nawa irin nata ne. Na sake gwajin da safe kamar yadda Malam ya ce, ya dawo 47. Idan masu hawan jini irina ana karɓar nasu, ka faɗa mini rana, ranar Laraba ba na lodi.

Malamin Lab:
Za a auna hawan jinin naka da Hb a wurin kafin a ɗiba, su za su ce e ko a'a. Ka karya kumallo, ka sha ruwa, ka kuma tafi da kwalin maganinka su gani.